Tabon Harsashi Kaɗai Ba Ya Cin Shari'a

A aikina na lauya a nan birnin Katsina, ina yawan zama da 'yan mazan jiya: waɗanda suka je Laberiya da Saliyo ƙarƙashin rundunar ECOMOG a shekarun 1990, da ƙannensu da suka yi Borno da Yobe, da na baya-bayan nan da suka ji rauni a dazukan Jibiya, Batsari da Safana. Kokensu kusan iri ɗaya ne. An sallame su, fansho yana shiga, amma kuɗin nakasa ko dai an hana, ko an yanka musu abin da bai taka kara ya karya ba. Kafin ka ce bismilla ga kujera, Baba ya naɗe ƙafar wando yana nuna maka tabo. Ni na gani, na kuma yarda. Amma masu yanke hukuncin fayil suke dubawa, ba ƙafa ba.

Hukumar Fanshon Sojoji da ke Dutsen Alhaji a Abuja ita ke biya, bisa Dokar Fanshon Sojoji ta 1979. Tun 2011 aka cire sojoji daga tsarin fanshon adashi, saboda haka kamfanonin fansho ba su da ruwa da wannan magana. Ita ma hukumar ba asibiti ba ce. Da abin da rundunar mutum ta aiko mata take lissafi.

Abin da ake nema a fayil ɗin bai da yawa. Da farko, a bakin aiki aka ji raunin? Wanda aka harba a sintiri da wanda ya faɗi da babur ranar da ya fita ba izini, hukuncinsu ba ɗaya ba ne, ko da ƙafa iri ɗaya suka rasa. Kwamitin bincike na rundunarsa ne ke tabbatar da wannan, tare da duba ko da sakacinsa a ciki. Sai kuma girman nakasar, wanda kwamitin likitocin soja ke aunawa da kaso cikin ɗari, a manyan asibitocinsu irin Asibitin Sojoji na 44 da ke Kaduna. Wannan kason shi ne kuɗin. Mafi yawan ƙorafin da ke faɗuwa a hannuna, a tambayar farko yake faɗuwa: raunin gaskiya ne, amma babu saƙon sigina da aka aika ranar, babu rahoton kwamiti, katin asibitin farko ya ɓata a canjin bariki. Tun ran gini, tun ran zane.

Wanda bai gamsu ba, yana da hanya, sai dai tana da lokaci. Ga mai sanye da kaki, Dokar Rundunar Soja ta ba shi damar kai koke ga kwamandansa, sashe na 179 ga ƙananan sojoji, na 178 ga hafsoshi, kuma cikin wata 3 ake so koken farko ya shiga. In ba a share masa hawaye ba, ya wuce sama. Wanda ya tsallake wannan mataki ya ruga kotu, sau da yawa ana korar ƙararsa ba tare da an ko taɓa maganar raunin ba. Tsohon soja kuma a rubuce zai nemi a sake duba lamarinsa, ta hedkwatar rundunarsa da hukumar fansho, ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda sashe na 254C na tsarin mulki ya ba ta hurumin shari'ar fansho da garatuti. Tana zama a Kano da Kaduna.

A wajen rubuta koken ne mutane ke kuskure. Takardar koke mai shafi biyar ta tarihin jarumta ba ta canja kaso. Abin da ke canja shi sabuwar hujja ce: hoton ƙashi, rahoton ƙwararren likita, misali daga Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, wanda ya faɗi ƙarara cewa ciwon yau daga raunin wancan lokaci ya samo asali, da rantsuwar abokin aikin da abin ya faru a gabansa. Alƙali ba zai maye gurbin likita ba. Dubawa zai yi ko an bi ƙa'ida, an saurari mutum, an kuma yi aiki da hujjar da ke gaba.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai raunin da ido ba ya gani: kunnen da ƙarar bam ta kashe, rashin barci, firgita, saurin fushin da ya kori mata da 'ya'ya. A gida sai a ce iska ce, a yi ta rubutu da hayaƙi shekara da shekaru. Ban hana kowa addu'a ba, amma a haɗa da likitan ƙwaƙwalwa, ko na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato, domin a samu magani, a kuma samu takarda.

A Amurka suna da hukumar ɗaukaka ƙara ta tsofaffin sojoji tun 1933, da kotu ta musamman tun 1988, kuma dokarsu ta ce idan hujja ta yi kunnen doki, tsohon soja ake ba gaskiya. A ganina wannan ƙa'ida muka fi buƙata, domin wanda ke kwance jina-jina ba shi ne zai bi magatakarda ya tabbatar an rubuta sunansa daidai ba.

Kafin a kai can, ga roƙona. 'Yan'uwa da ke Barikin Natsinta, duk raunin da aka ji, komai ƙanƙantarsa, a tabbata ya shiga rubutu, a yi kwafi biyu, ɗaya a hannun uwargida ko magaji. Iyayenmu 'yan mazan jiya, kada ku ba kowa asalin takardar sallamarku ko kuɗi don ya "bi muku fayil a Abuja". Ku fara da ofishin Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya, ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a idan babu kuɗin lauya, kuma ku je da takardunku duka, har da wadda kuke ganin ba ta da amfani.