Darasin Kimiyya: Tsawon Tartsatsi Ba Shi Kaɗai Ne Ma'auni Ba

'Yan'uwa matasa, a lokacin hunturu idan mun tuɓe rigar sanyi cikin duhu, mukan ji ƙas-ƙas, mu ga ɗan haske. Wannan tartsatsin lantarki ne. A shekarar 1891 Nikola Tesla ya ƙera wata na'ura ta naɗaɗɗiyar waya mai fitar da irinsa, amma dogo kamar walƙiya. Har yau masu sha'awa suna haɗa ta a gida, suna gasar wa ya fi dogon tartsatsi.

To, yaya za a yi hukunci tsakaninsu da adalci?

Da farko awo. Ana kafa sandar ƙarfe da aka haɗa da ƙasa, a yi ta matsar da ita baya har inda tartsatsin ya daina kaiwa. Sai a kashe wuta, a auna miƙaƙƙen layi daga kan na'urar zuwa sandar. Ba a lissafa karkace-karkacensa.

Sannan a tambayi mai ita: wuta nawa ta sha? Wani gwani a Amurka, John Freau, ya fitar da ƙa'ida. A nemi lambar da idan an ninka ta da kanta za ta ba da adadin wat ɗin na'urar, sai a ninka ta da 1.7, a sami tsawon da ake sa rai a inci. Misali, na'ura mai wat 900: 30 sau 30 ke nan, kuma 30 sau 1.7 ya ba da inci 51, kimanin santimita 130. Mu lura, mai son ninka tsawon sau biyu sai ya ninka wutar sau huɗu. Saboda haka mu a wurinmu, wanda ya sami inci 45 da wat 900 ya fi wanda ya sami inci 60 da wat 3,600 gwaninta nesa ba kusa ba.

Akwai kuskuren da ya yaɗu. Iska tana buƙatar kimanin bolt 30,000 kafin tartsatsi ya ƙetare santimita ɗaya, sai wani ya ninka da 130 ya ce ya samar da bolt kusan miliyan 4. Ba haka ba ne. Na'urar tana harbi fiye da sau ɗari a daƙiƙa, kowane tartsatsi yana bin zazzafar hanyar da na baya ya bari, ya ƙara gaba kaɗan.

Ga 'yan'uwanmu masu gyaran rediyo: taransifomar da ke ciyar da wannan na'ura tana kisa nan take, kafasita kuma tana riƙe wuta bayan an cire filogi. Kada kowa ya gwada shi kaɗai ba tare da ƙwararre ba.