Amanar da Ke Cikin Tsohuwar Kwamfuta: Wayar da Kai Kan Goge Bayanai Kafin Kyauta ko Sayarwa

Kwamfuta tana cikin kayan da suke yawan sauya hannu a garin Kaduna, domin ma'aikacin da ya samu sabuwa yakan miƙa tsohuwar ga ƙaninsa mai karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ko Jami'ar Jihar Kaduna, ɗan kasuwa yakan kai tasa shagunan titin Ahmadu Bello ko na kewayen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ya yi musaya da ciko, wadda ta mutu kuwa takan faɗa hannun 'yan jari-bola ta nufi Panteka. Tun da kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa daga manhajar Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ofisoshi da makarantu sun samu ƙarin dalilin rabuwa da tsofaffin injinansu. Kyautar kwamfuta ga ɗalibi aikin lada ne, sayar da ita kuma halal ne, sai dai mafi yawan masu yin haka ba su san cewa asirinsu da asirin mutanen da suka amince musu yana bin ta zuwa gidan da ta koma ba.

Abin da Yake Fita Tare da Kwamfuta

A cikin kowace kwamfuta akwai ma'ajiya, wato sashen da ke riƙe duk abin da aka rubuta ko aka sauke ko da an kashe wuta. Kwamfutar magidanci takan tara hoton takardar lambar ɗan ƙasa ta NIN, da lambar banki ta BVN wadda Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a 2014, da takardar albashi, da takardun fili, da sakamakon asibiti, da hotunan iyali waɗanda aka ɗauka a cikin ɗaki inda mata ba su yi lulluɓi ba. Manhajar shiga intanet kuma takan haddace kalmomin sirri na imel da na Facebook. Ta ofis ko ta makaranta ko ta shagon buga takardu ta fi wannan nauyi, saboda bayanan ɗaruruwan mutane ne a cikinta waɗanda ba a shawarce su ba ranar da za a sayar. Ɗan damfara da ya samu suna da ranar haihuwa da lambar waya da BVN a wuri guda ya samu abin da zai kira mutum da shi ya ce daga banki ne, mai mugun nufi da ya samu hoton matar aure kuwa ya samu abin da zai kashe aure da shi ko ya riƙa karɓar kuɗi da barazana.

Ruɗin Goge Fayil da Fomatin

Babban haɗarin da wannan takarda ta tsaya a kansa shi ne zaton da jama'a suke yi cewa wanda ya goge fayil, ya zubar da kwandon shara na kwamfuta, ko ya sa mai gyara ya yi mata fomatin na gaggawa, ya gama da bayanansa. Goge fayil yana kama da mai gidan haya ya yage sunan ɗan haya daga littafinsa alhali kayan ɗan hayar suna nan jibge a ɗaki: littafin ya ce ɗakin ba kowa, amma duk wanda ya tura ƙofa zai iske akwati da katifa. Manhajojin dawo da fayil, waɗanda akan sauke kyauta, aikinsu shi ne bin ɗakunan ɗaya bayan ɗaya suna tura ƙofa.

Tsohuwar ma'ajiya mai faifai, wadda ake kira HDD, tana da magani mai sauƙi, domin ita kamar allon almajiri take: idan aka wanke aka sake rubutu a kai, sabuwar tawada tana sauka daidai inda tsohuwa ta zauna, saboda haka cika faifan da sifili daga farko har ƙarshe yana shafe abin da ke ƙasa. Sabuwar ma'ajiya da ake kira SSD, wadda ita ce a cikin akasarin kwamfutocin tafi-da-gidanka na yanzu, ba ta da faifai ko wani abu mai juyawa, tana ajiye bayanai ne a cikin wasu ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe irin na fulash, kuma kowane gurbi a cikinsu yana da iyakar adadin gogewar da zai jure kafin ya lalace.

Don a fahimci abin da wannan ya haifar, sai a ƙaddara babban sito mai ɗakuna dubu wanda wani dattijo mai tsananin tattali yake riƙe da makullansa. Dattijon ba ya son daɓen wani ɗaki ya riga na sauran farfashewa, don haka duk lokacin da ɗan kasuwa ya ce a fitar da buhunan ɗaki na biyar a zuba sababbi, sai ya kai sababbin wani ɗaki da ya daɗe yana hutawa, ya gyara littafinsa ya ce wannan ne yanzu na biyar, tsofaffin buhunan kuwa ya bar su inda suke har ranar da ya samu sarari ya share. Ban da haka yana da wasu ɗakuna a bayan sito da ba ya nuna wa kowa, waɗanda yake juya kaya a cikinsu idan wani ɗaki ya tsage. Ɗan kasuwa bai taɓa shiga siton ba, da dattijon kaɗai yake magana ta taga, kuma duk abin da dattijon ya karanta masa daga littafi shi yake ɗauka gaskiya. Wannan dattijo shi ne ƙaramin injin sarrafawa da ke cikin kowace SSD, ɗakunan baya kuwa su ne ajiyar da kamfani yake keɓewa, wadda sau da yawa takan kai kusan kashi 7 cikin 100 ko fiye. Shi ya sa dabarar rubutu a kan rubutu, wadda masu gyara suka gada daga zamanin faifai, ba ta da tabbas a nan. Gaskiya ne akwai umarnin da ake kira TRIM, wanda da shi kwamfuta ke sanar da dattijon cewa ba a bukatar wasu buhuna, kuma yakan sa dawo da fayil ya yi wuya, amma lokacin sharar yana hannun dattijon, kuma umarnin ba ya isa gare shi a wasu tsofaffin manhajoji ko ta wasu akwatunan USB.

Masana sun gwada wannan. A 2003 Simson Garfinkel da Abhi Shelat na cibiyar MIT a Amurka sun ba da rahoton ma'ajiyoyi 158 na hannu da suka saya, inda suka iske 129 suna aiki, 12 kawai aka goge yadda ya kamata, kuma suka tsinci lambobin katin banki sama da 5,000. A 2011 kuma masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego sun gwada SSD, suka ga cewa bayan an bi fayil guda da rubutu a kansa, daga kashi 4 zuwa kashi 75 cikin 100 na abin da ke cikinsa yana nan a ƙwayoyin, har ma suka samu ma'ajiyar da ta ce ta goge komai alhali ba ta taɓa komai ba.

Hukuncin Addini da na Doka

Bayanin da wani ya miƙa don a yi masa aiki amana ce, kuma Alƙur'ani mai girma a Suratun Nisa'i, aya ta 58, ya yi umarni da mayar da amana ga masu ita, kamar yadda Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana binciken asirin mutane. Saboda haka laifin ya hau kan biyu: wanda ya bayar ba tare da ya tsabtace ba, da wanda ya karɓa ya zauna yana tono. Abin takaici ne a ga shugaban makaranta wanda ba zai taɓa barin rajistar ɗalibai a bakin titi ba ya miƙa kwamfutar da ke ɗauke da wannan rajista ga dillali saboda 'yan dubbai, sannan in abu ya ɓaci ya ce tsautsayi ne. Sakaci ne, kuma wanda ya ƙi tambaya don kada a ce bai iya ba ya haɗa sakaci da girman kai. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a ranar 12 ga Yuni, 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su, ta kuma ba Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa ikon cin tarar da za ta kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara ga manyan masu riƙe bayanai. A Amurka an ci bankin Morgan Stanley tarar dala miliyan 35 a 2022 saboda ya bar tsofaffin ma'ajiyoyinsa sun fita kasuwa da bayanan abokan hulɗa.

Hanyar da Ta Dace

Tun da dattijon ne kaɗai ya san dukan ɗakuna, shi za a umarta ya share su. Da farko mai kwamfuta ya kwashe abin da yake so zuwa wata ma'ajiya, ya buɗe ya tabbatar sun kwafu, domin abin da zai biyo baya ba shi da gyara, sannan ya fita daga asusun Microsoft ko Google ko Apple da ke kanta. Na biyu ya kulle ma'ajiyar gaba ɗaya da BitLocker a Windows ko FileVault a Mac, wato tsarin da ke mayar da bayanai shirme ga duk wanda ba shi da makulli, kuma mafi alheri a kunna shi tun ranar da aka sayi kwamfuta, don ba a fafe gora ranar tafiya. Na uku ya ba da umarnin gogewa na cikin ma'ajiyar kanta, mai suna Secure Erase ko Sanitize, wanda ake samu a shafin BIOS na kwamfutocin Dell da HP da Lenovo da dama, ko a manhajar kamfanin da ya ƙera ma'ajiyar, kamar Samsung Magician, kuma a yi shi da caja a jone don kada wuta ta yanke a tsakiya. Inda wannan bai samu ba, sai a yi amfani da Reset this PC a Windows a zaɓi cire komai tare da tsabtace bayanai bayan an kulle ma'ajiyar, sababbin Mac kuwa suna da Erase All Content and Settings. Na ƙarshe a gwada da manhajar dawo da fayil a ga ko wani abu zai fito. Wanda bai iya ba ya kai wa mai gyara amintacce, ya zauna a yi a gabansa, kada ya ce zai je salla ya dawo.

Ma'ajiyar SSD da ta mutu ba ta karɓar umarni, amma ƙwayoyinta suna iya riƙe bayanai, don haka a ciro ta kafin a ba 'yan jari-bola gangar jikin, a fasa kowace ƙwaya da guduma ɗaya bayan ɗaya, domin huda ta da ƙusa a wuri guda yana iya kuskure su duka, maganaɗisu kuma ba ya yi mata komai.

Sauran Abubuwa a Taƙaice

Waya a cire mata layi da katin memori, a fita daga asusu, sannan a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Fulash da katin memori suna da araha, fasa su ya fi kyautar da su. Manyan injinan fotokwafi na ofis wasunsu suna da ma'ajiya a ciki. Kada a ƙona kayan lantarki a unguwa saboda hayaƙinsu guba ne, batir kuma yana iya fashewa. Wanda ya sayi kwamfutar gwanjo ya iske bayanan wani a ciki, wajibinsa ya kawar da ido ya goge.

Ya kamata kowane ofishi da makaranta da asibiti daga Kawo zuwa Tudun Wada su naɗa mutum ɗaya wanda babu kwamfutar da za ta fita sai ya rubuta lambarta da ranar da aka goge ta da hanyar da aka bi, ya sa hannu. Limamai da masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin masu gyara su ma su isar da wannan ga waɗanda takardar ba ta kai gare su ba. Allah Ya rufa asirin wanda ya rufa asirin ɗan'uwansa.