Yadda ake koyon rubuta manhajar da ba ta barin aiki rabi

Wanda aka taɓa cire wa kuɗi a waya amma ba su isa inda ya tura ba, ya riga ya san ciwon. Tura kuɗi aiki biyu ne, a zare nan a zuba can. A rumbun bayanai ana ɗaure su a ƙulli ɗaya da ake kira ma'amala: ko su faru tare, ko kada ɗayansu ya faru.

Fara da SQLite, wanda D. Richard Hipp ya fitar a 2000. Yana zuwa cikin Python da sunan sqlite3, rumbun duka kuma fayil ɗaya ne. Yi tebur mai asusu biyu, na farko da naira 5,000, na biyu ba ko sisi. Ajiye kuɗin a kwabo, wato 500000, ba ɗigo. In kana musu, sa Python ta haɗa 0.1 da 0.2, za ta ba ka 0.30000000000000004.

Umarnin uku ne kacal. BEGIN ya buɗe ma'amala, COMMIT ya tabbatar da ita, ROLLBACK ya mai da komai yadda yake. Rubuta UPDATE biyu, ɗaya ya rage 2,000, ɗaya ya ƙara, ka rufe da COMMIT. Zai yi aiki, amma har yanzu ba ka koyi komai ba.

Koyon yana cikin ɓarna da gangan. Mayar da asusun biyu yadda suke da farko. Tsakanin UPDATE na farko da na biyu, cusa layin da zai raba 1 da 0. Manhajar za ta faɗi. Sake buɗe rumbun: 5,000 na nan daram. Yanzu matso da COMMIT sama, daidai bayan ragin, ka maimaita. Asusun farko ya koma 3,000, na biyu wayam, 2,000 sun yi ɓatan dabo. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya sake sa COMMIT inda ya ga dama. Ko wuta aka ɗauke ana tsakiyar rubutu, SQLite ya riga ya kwafe tsoffin shafukan a wani fayil na gefe mai ƙarewa da journal, da shi yake gyara rumbun a buɗewa ta gaba.

Sai gwajin mutum biyu. Kunna manhajar a tagogi biyu, ta farko ta fara rubutu ta yi barcin daƙiƙa 10 kafin COMMIT. Ta biyu za ta jira daƙiƙa 5 ta ce rumbun a kulle yake. Shi ya sa ba a riƙe ma'amala a buɗe ana jiran intanet ko jiran wani ya danna maɓalli. Kada kuma ka karanto ragowar kuɗi ka yi lissafi a Python ka mayar, wani na iya riga ka. Bar wa rumbun ragin, da sharaɗin kuɗin sun isa, sannan ka duba rowcount, wato adadin layukan da suka canza: in sifili ne, ROLLBACK. Abin da mai amfani ya rubuta kuwa, shigar da shi ta alamar tambaya, kada ka manna shi a jikin SQL, nan ɓarayi suke shigowa.

Kalmar ACID, taƙaicen sharuɗɗan ma'amala da Theo Härder da Andreas Reuter suka ƙirƙira a 1983 bisa aikin Jim Gray, ni ina ganin a bar haddarta sai bayan waɗannan gwaje-gwajen. Daga nan ka koma PostgreSQL, inda mutane da yawa ke rubutu lokaci guda, ka maimaita gwajin tagogi biyu da SELECT FOR UPDATE, umarnin da ke kulle layin da ka karanto.