Saukar Jini da Kwanciyar Rub da Ciki a Tiyatar Ƙashin Bayan Yara

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi alaƙar da ke tsakanin yadda ake kwantar da yaro a gadon tiyata da saukar jininsa yayin gyaran karkatar ƙashin baya. An bayyana musabbaban saukar jinin, da haɗarinta ga laka, da matakan kariya.

1.0 Gabatarwa

Sukoliyosis shi ne karkatar ƙashin baya zuwa gefe da digiri 10 ko fiye, bisa ma'aunin da John Cobb ya fito da shi a 1948. Galibi likitoci kan fara maganar tiyata idan karkatar ta kai digiri 45 zuwa 50 a yaron da bai gama girma ba. A Afirka ta Yamma akwai kuma ƙusumbin da tarin fuka na ƙashin baya ke haifarwa, kuma irin waɗannan ayyuka ne suka sa aka san asibitin FOCOS da ke Accra a Gana. Mafi yawan tiyatar ta baya ake shiga, don haka dole yaron ya kwanta rub da ciki na sa'o'i da dama. Wannan kwanciya kanta tana taɓa aikin zuciya.

2.0 Yadda Kwanciyar Ke Saukar da Jini

Zuciya ba ta tura jinin da ya fi wanda ya komo mata. Babbar jijiyar da ke maido da jini daga ƙafafu da ciki tana bi ta gaban ƙashin baya, kuma bangonta ba shi da kauri. Idan nauyin yaron ya hau kan cikinsa, sai ta matse, jinin da ke isa zuciya ya ragu, awon jini ya faɗi. Jinin da ya rasa hanya kuwa sai ya karkata zuwa ƙananan jijiyoyin da ke kewaye da ƙashin baya, waɗanda Oscar Batson ya bayyana a 1940 cewa ba su da marfin da ke hana jini komawa baya. Suna cika su kumbura daidai inda ake yanka, zubar jini ta ƙaru. Wato matsewar ciki na jawo asara biyu a lokaci guda.

Musabbabi na biyu shi ne danne ƙirji. Ƙirjin yaro yana da taushi. Idan akwai lotsewar ƙashin ƙirji, kamar yadda ake gani a wasu masu ciwon Marfan, zuciya kan shiga tsaka mai wuya tsakanin ƙashin ƙirji da ƙashin baya, musamman lokacin da likita ke danna baya yana ɗaura kusoshi. Bugu da ƙari, magungunan sa barci suna saki jijiyoyin jini, su kuma raunana ƙoƙarin da jiki ke yi na daidaita kansa.

3.0 Haɗari ga Laka

Jijiya guda ce ke shayar da kashi biyu cikin uku na gaban laka, inda hanyoyin motsa gaɓoɓi suke. Lokacin miƙe ƙashin baya laka kan ɗan ja, jijiyoyinta su ƙuntata. Idan hakan ya haɗu da saukar jini, laka na iya rasa iskar oksijin, yaron ya farka ƙafafunsa a shanye. Ƙoda da idanu ma suna cutuwa. Wannan ne ya sa aka ja baya daga tsohuwar dabarar saukar da jini da gangan domin rage zubarsa.

Ƙanƙantar jiki na ƙara haɗarin. Yaro mai nauyin kilo 30 jininsa duka bai wuce kimanin mililita 2,100 zuwa 2,400 ba, saboda haka zubar mililita 600 ta kai kashi ɗaya cikin huɗu. Ga ɗan shekara 1 zuwa 10, ana ɗaukar jini ya sauka idan lambar sama ta gaza 70 a tara da shekarunsa sau biyu, wato 82 ga ɗan shekara 6.

4.0 Matakan Kariya

Tun 1967 Relton da Hall suka ƙera shimfiɗa mai matasai huɗu a Toronto ta Kanada: biyu ƙarƙashin gefen ƙirji, biyu ƙarƙashin ƙasusuwan ƙugu, ciki kuwa yana rataye babu abin da ya taɓa shi. A kan wannan ƙa'ida gadajen zamani suke. Bayan kife yaro, wajibi ne a zura hannu a tabbatar cikin a sake yake, idanu ba su danne ba, kuma buɗewar hannuwa daga jiki ba ta wuce digiri 90 ba.

Har ila yau, ana sa siririn bututu a jijiyar wuyan hannu domin ganin awon jini a kowane bugu. Ana tanadar jini kafin a fara, ana ba da maganin taranizamik don rage zuba, ana kuma ɗumama jikin yaron. Na'urar bibiyar saƙonnin laka tana nuna matsala da wuri. Idan saƙon ya raunana, ɗaga awon jini na cikin matakan farko. Inda babu na'urar, ana komawa ga gwajin farkarwa na Stagnara da abokan aikinsa na 1973 a Faransa, inda ake sassauta barcin a ce yaron ya motsa yatsun ƙafa.

5.0 Kammalawa

Idan jini ya faɗi jim kaɗan bayan kife yaro, alhali ba a fara yanka ba, kwanciyar ce abin zargi na farko. Gyara matashi ɗaya kan yi abin da ƙarin ruwa da allura suka kasa. Idan kuwa bai gyaru ba, mayar da yaron rigingine da ɗage aikin ya fi ci gaba da shi.