Aikin Malamin Gida

Da yawa daga cikinmu, in an ba da hutu muka koma garuruwanmu, akan sami wani uba ya kawo mana ɗansa ya ce, "Malam, ga yaron nan, an ce ba ya gane kome a makaranta, a taimake ni." Wanda ya karɓi wannan aiki lalle ya ɗauki amana, gama in ya kasa, uban ya yi hasarar kuɗinsa, yaron kuwa ya sakankance shi daƙiƙi ne, watakila ma rabuwarsa da karatu ke nan. Saboda haka ya kamata mu duba yadda gwanin malamin gida ke bi.

Gwani ba ya ɗora wa yaro sabon darasi ran farko, sai ya nemi inda karatunsa ya tsinke tukuna. Ga misali. An ba yaro 52 ya ɗebe 17, sai ya rubuta 45. Malami mai garaje sai ya soke, ya rubuta 35, ya wuce. Mai haƙuri kuwa sai ya ce, "Gaya mini yadda ka yi." Nan zai ji yaron ya ɗebe 2 daga 7 saura 5, kana ya ɗebe 1 daga 5 saura 4. Ashe ya iya ɗebewa. Abin da ya shige masa duhu shi ne 5 ɗin nan goma-goma ce har biyar, ana kuwa iya rantar ɗaya daga cikinsu.

To, an gano ciwo, saura magani. Sai malam ya sa yaron ya ɗaure tsinkayen tsintsiya goma-goma, ya ajiye ɗauri biyar da tsinke biyu, sa'an nan ya ce masa, "Ba ni goma sha bakwai." Yaro zai miƙa ɗauri guda, ya tsaya yana duban tsinke biyu. Kada malam ya yi magana. Jim kaɗan sai ka ga ya kwance wani ɗaurin da kansa, ya ƙidaya bakwai daga goma sha biyu. Saura ɗauri uku da tsinke biyar, watau 35. Abin da hannunsa ya kwance da wuya ya manta da shi.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce gare mu. A makarantar allo, kome yawan yara, kowa da allonsa da inda ya tsaya. Ba a kai yaro farfaru sai ya san babbaƙu, ba a kuwa barinsa ya wanke allo sai ya biya daidai. Malamin aji ba shi da wannan sarari, domin yara sun yi masa yawa, ga kuma manhaja tana korarsa. A 1984 wani masani na Jami'ar Shikago a Amurka, Benjamin Bloom, ya ba da labarin gwajin da aka yi: yaro matsakaici da aka koya wa shi kaɗai, ba a kuwa wuce darasi sai ya ƙware, ya fi 98 cikin 100 na waɗanda aka koya wa a aji. Binciken da ya biyo baya ya nuna ribar ba ta kan kai haka ba, amma dai tana da yawa.

Har wa yau gwani ba ya sakaci da tishi, watau maimaita karatun baya. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, kuma maimaitawa kaɗan-kaɗan cikin kwanaki ta fi a tara ta rana guda. Don haka lissafin da yaro ya gane yau, a sake tambayarsa gobe, da bayan kwana uku, da mako mai zuwa.

Akwai abu uku da za mu kiyaye. Na fari, kada mu yi wa yaro aikin da aka ba shi daga makaranta, gama mun ruɗi malaminsa, mun ruɗi ubansa, mun cuce shi. Na biyu, kada mu tsorata shi da bulala. Yaron da ke jin tsoro yakan ɓoye kuskurensa, kuskuren nan kuwa shi muke nema. Na uku, mu gaya wa uban gaskiya tun da wuri. In ɗansa yana aji huɗu amma sai an koma da shi aikin aji biyu, a faɗa masa, a kuma tuna masa sauri ya haifi nawa.

Alamar aiki ya yi kyau ita ce ranar da yaro zai duba lissafinsa, ya ce, "Tsaya, Malam, na ga inda na kuskure," tun ba a nuna masa ba. Daga ran nan ya kusa daina bukatarmu, abin da aka ɗauke mu dominsa ke nan. Allah ya ba mu haƙurin kai su wannan matsayi, amin.