Kwantenar Manhaja: Matakin Farko ga Mai Bincike da Kwamfuta

Daga cikin sharuɗɗan binciken kimiyya akwai cewa idan masani ya yi gwaji ya sami sakamako, to wani masanin ya iya maimaita gwajin ya sami irin wannan sakamako. A yau kwamfuta ce ke yin mafi yawan lissafin bincike, kuma a nan ake samun cikas. Manhajar da ta yi aiki lami lafiya a kwamfutar wannan, sai ta ƙi tashi a ta wancan. Dalili kuwa shi ne, kowace manhaja tana dogara da wasu ƙananan manhajoji masu yawa, kowace da sigarta. Idan siga ɗaya ta saɓa, aikin yakan tsaya, ko kuma lissafin ya canza ba tare da an lura ba, wanda shi ne ya fi muni.

Maganin da aka samo shi ake kira kwantena. An aro sunan ne daga kwantenar dakon kaya, wadda Malcom McLean ya fara ɗorawa a jirgin ruwa a Amurka cikin 1956. Da zarar an rufe kaya a cikinta, jirgin ruwa da na ƙasa da babbar mota duk suna iya ɗaukarta ba tare da an buɗe ba. Haka kwantenar manhaja take: ana haɗa manhaja da dukkan abin da take buƙata a ƙunshi ɗaya, sai ta yi aiki iri ɗaya a kowace kwamfutar da ta dace.

Docker ce ta yaɗa wannan dabara tun daga 2013. Sai dai a tsarinta na asali tana buƙatar cikakken iko a kan kwamfuta, alhali manyan kwamfutocin jami'o'i ɗaruruwan mutane ne ke amfani da su tare. Saboda haka a 2015 Gregory Kurtzer ya ƙirƙiro Singularity a cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley, wadda aka sauya wa suna zuwa Apptainer a 2021. A cikinta mai bincike ba ya samun ikon da ya wuce nasa na kullum, kuma kwantenar fayil ɗaya ne tak.

Sabon shiga ba sai ya gina tasa ba. Akwai rumbuna a intanet, irin su Docker Hub, da kuma BioContainers mai ɗauke da manhajojin nazarin halittu. A kwamfutar Linux mai Apptainer, umarni biyu sun isa farawa. Na farko yana sauko da kwantenar:

apptainer pull docker://python:3.12

Na biyu yana sa ta aiki:

apptainer exec python_3.12.sif python3 --version

Kwamfutar za ta nuna sigar Python da ke cikin kwantenar, ko da wadda ke kanta daban ce, ko ma babu ita sam.

Wajibi ne a kiyaye abubuwa uku. Na ɗaya, a ambaci lambar siga, kamar 3.12, a kuma adana fayil ɗin kwantenar tare da bayanan binciken, domin abin da ke rumbu yana iya sauyawa. Na biyu, a tabbatar da wanda ya haɗa kwantenar, domin manhajar da ba a san asalinta ba tana iya ɓata aiki. Na uku, a ajiye bayanai da sakamako a wajen kwantenar, saboda ita kayan aiki ce, ba ma'aji ba.

Tambayoyi
1. Me ke sa manhaja ta yi aiki a wata kwamfuta, ta ƙi yi a wata?
2. Don me manyan kwamfutocin jami'o'i suka fi amfani da Apptainer?
3. Wane amfani adana fayil ɗin kwantena zai yi wa mai son maimaita bincike bayan shekara goma?