Ziyarar Ƙara Ilimi Zuwa Ƙetare: Abin da Ɗalibin Hausa Yake Koyowa a Jamhuriyar Nijar

1.0 Gabatarwa

Ziyarar ƙara ilimi ita ce tafiyar da makaranta kan shirya wa ɗalibanta domin su je su ga abin da suka karanta a aji da idanunsu. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Idan irin wannan tafiya ta tsallake iyakar ƙasa, sai a kira ta ziyarar ƙetare. Ga ɗalibin da ke nazarin Hausa a Nijeriya, babu ƙetaren da ya fi kusa, kuma ya fi amfani, kamar kudancin Jamhuriyar Nijar. Daga Katsina zuwa Maraɗi tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba, daga Kano zuwa Damagaram kuwa kimanin kilomita 240 ne.

Wannan darasi zai duba abubuwan da ɗalibai kan koya a irin wannan ziyara ta fuskar tarihi da harshe da al'ada da tsarin ilimi, sannan ya bayyana aikin da ya rataya a wuyan malami. Abin lura tun daga farko shi ne, tafiya kawai ba ta koyar da komai. Ana iya kwashe ɗalibai arba'in a mota, a kashe kuɗin iyaye, a dawo da hotuna da tsarabar kilishi, alhali ba a ƙaru da komai ba. Ɗalibi yakan ga abin da aka shirya shi ya gani ne.

2.0 Darasin Tarihi: Iyaka da Abin da Ya Girme Ta

Darasi na farko a bakin iyaka ake samunsa. Masu zuwa Maraɗi sukan bi ta Jibiya su shiga Ɗan Isa, masu zuwa Damagaram sukan bi ta Kongolam kusa da Daura, masu zuwa Birnin Ƙonni kuwa ta Illela. A nan ɗalibi zai tsaya a duba takardunsa, ya ga tuta ta sauya, kakin jami'ai ya sauya, rubutun alluna ya koma Faransanci. Amma mai sayar da ƙosai a wancan gefe da Hausa za ta yi masa ciniki. Wannan kaɗai ya isa ya sa shi tambayar kansa: wa ya shata wannan layi, kuma yaushe?

Amsar ita ce, Ingila da Faransa ne suka shata shi ta hanyar yarjejeniyoyin da suka ƙulla a shekarun 1890 da 1898 da 1904 da 1906, aka kuma kafa alamomin iyakar tsakanin 1906 da 1908. Wato iyakar ba ta wuce shekara 120 da 'yan kai ba, alhali masarautun da ta ratsa sun daɗe da kafuwa kafin zuwan Turawa.

A Maraɗi ɗalibi zai tarar ana kiran sarkin garin Sarkin Katsina. Dalili shi ne, bayan da masu jihadi suka ci Katsina a wajajen 1807, zuriyar sarakunan Haɓe ta yi hijira zuwa arewa, daga baya ta kafa mazauninta a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Ta tafi da sarautunta irin su Ƙaura da Galadima da Durɓi da 'Yanɗaka. Kusa da Maraɗi akwai Tsibiri, mazaunin Sarkin Gobir, wadda Gobirawa suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Ɗalibin da ya saba karanta tarihin jihadi daga ɓangaren waɗanda suka yi nasara, a nan zai ji yadda zuriyar waɗanda aka kora suke ba da nasu labarin.

Haka abin yake a Damagaram, wato Zinder. Gidan sarautarta yana da tushe daga Barno, ta kuma bunƙasa ƙwarai a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884. Shi ne ya kewaye birnin da ganuwa, a zamaninsa kuma aka riƙa ƙera igwa a garin. Yaƙe-yaƙen da aka yi tsakanin Damagaram da Kano a ƙarshen ƙarni na 19, zamanin Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga da Sarkin Kano Alu, kowane gari da yadda yake tuna su. Faransawa sun ci garin a 1899, ya kuma zama hedikwatar mulkinsu daga 1911 har zuwa 1926 da aka mayar da ita Yamai. Ɗalibin da ya zaga unguwar Birni, inda fada take, ya fita zuwa Zango, unguwar fatake, zai fahimci tsarin tsohon birnin kasuwanci fiye da yadda zane a kan allo zai nuna masa.

Babban abin da ake koyo a nan shi ne, labarin tarihi yana da ɓangarori. Mai nazari na ƙwarai yakan saurari kowane ɓangare, ya auna, kafin ya yanke hukunci.

3.0 Darasin Harshe

Ta wannan fuska ce ɗalibin Hausa ya fi cin riba. Za a iya kasa abin da zai lura da shi gida huɗu.

3.1 Karin harshe

A aji an koya wa ɗalibi sunayen kare-karen Hausa kamar Damagaranci da Gobiranci da Adaranci da Arewanci da Kurhwayanci. A ziyara zai ji wasu daga cikinsu da kunnensa. A yankin Gobir da Adar zai ji ana cewa tahi a maimakon tafi, da hwari a maimakon fari, kamar dai yadda ake yi a ƙasar Sakkwato. Daga nan zai gane cewa iyakar karin harshe daban take da iyakar ƙasa: Hausar Birnin Ƙonni ta fi kusa da ta Sakkwato a kan yadda ta Sakkwato take da ta Kano, ko da yake Sakkwato da Kano ƙasa ɗaya suke.

3.2 Kalmomin aro

Inda Hausar Nijeriya ta ari kalma daga Ingilishi, sau da yawa ta Nijar daga Faransanci ta ara. Misali:

(a) likita a Nijeriya, lokotoro a Nijar;
(b) kwastan a Nijeriya, duwan a Nijar;
(c) makarantar boko ana ce mata lakwal, malaminta kuma mushe;
(d) babbar motar kaya ana ce mata kamyo;
(e) alƙalamin da ake kira biro a Nijeriya, bik ake ce masa a Nijar, ita kuwa kalmar biro ko buro a can ofis take nufi.

Misali na ƙarshe ya nuna yadda kalma ɗaya za ta iya rikita mai sauraro. Abin sha'awa shi ne, duk waɗannan kalmomi an yi musu kwaskwarima iri ɗaya domin su dace da tsarin gaɓar Hausa da sautukanta. Tushen aron ne ya bambanta, ƙa'idar hausantarwa kuwa ɗaya ce.

3.3 Ƙidayar kuɗi

A kasuwannin Nijar da dala ake lissafi, dala ɗaya kuwa faran 5 ne na kuɗin sefa. Saboda haka idan mai kaya ya ce dala ashirin, faran 100 yake nufi. Dala ɗari faran 500 ne. Jika kuma faran 1,000. Ɗalibin da bai san wannan ba zai iya miƙa kuɗi kaɗan a yi masa dariya, ko ya zaci an cuce shi. Wannan ƙaramin misali ne da ke nuna cewa sanin ma'anar kalma bai wadatar ba sai an san yadda masu ita suke amfani da ita.

3.4 Ƙa'idojin rubutu da matsayin harshe

A littattafan Nijar ɗalibi zai ga harafin ƴ a inda shi ya saba rubuta 'y, wato ƴaƴa a maimakon 'ya'ya. An yi taron masana a Yamai a 1980 domin daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa tsakanin ƙasashen biyu, amma wannan bambanci bai gushe ba. Bugu da ƙari, a 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, suka bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ɗalibi mai lura zai duba ya ga ko wannan hukunci ya fara bayyana a allunan ofisoshi da takardun hukuma da azuzuwa, domin tsakanin kafa doka da aiwatar da ita akwai tazara.

Ribar da ta fi kowace girma a wannan sashe ita ce ta gyaran tunani. Ɗalibai da yawa sukan tashi da ra'ayin cewa karinsu shi ne Hausa ta ainihi, sauran kuwa gurɓatattu ne. Wanda ya kwana uku a garin da shi ne ake jin maganarsa baƙuwa, da wuya ya sake yi wa wani dariya. Wannan yana da muhimmanci ga mai shirin zama malami, domin wata rana zai tsaya gaban yaron da ke cewa tahi. Aikinsa shi ne ya koya masa rubuta daidaitacciyar Hausa ba tare da ya sa shi jin kunyar maganar iyayensa ba. Yaron da aka kunyata a kan harshensa yakan yi shiru a aji, wanda ya yi shiru kuwa koyonsa ya ragu.

4.0 Darasin Al'ada da Tsarin Ilimi

Ta fuskar al'ada, ɗalibi zai tarar da wasu abubuwa da suka raunana a gida amma suna da ƙarfi a can. Sarautun mata irin su Iya a Maraɗi da Inna a Tsibiri misali ne. Kokowar gargajiya kuwa hukuma ce ta ɗauke ta wasan ƙasa, ana yin gasar Takobi tun daga 1975. Mai nazarin waƙar baka zai sami damar tambayar mutanen Damagaram game da makaɗan fada irin su Ma'azu Ɗan Alalo a garin da ya yi zamaninsa.

Ziyartar makaranta ma wajibi ne ga ɗaliban kwalejin ilimi. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa tare da Faransanci a 1973, shekara huɗu kafin Manufar Ilimi ta Ƙasa ta Nijeriya ta 1977, wadda ta tanadi fara koyar da yaro da harshen uwa ko na muhallinsa. Idan ɗalibi ya zauna a bayan aji ya ga yadda mushe yake fama da yaran da ke tunani da Hausa amma ana neman su amsa da Faransanci, zai ga hoton matsalar da ke jiransa da Ingilishi. Ganin matsalarka a gidan wani yakan sa ka fahimce ta da kyau.

Akwai kuma darasin tarbiyya. Ɗalibi zai koyi bin layi a gaban jami'i, da adana takardunsa, da kasafta guzurinsa, da haƙuri da abokan tafiya. Zai kuma san cewa a can ba a kallonsa da sunansa. Duk abin da ya aikata, ɗan Nijeriya za a ce ya yi.

5.0 Aikin Malami

Aikin malami ya kasu kashi uku.

Kafin tafiya, ya fayyace manufar ziyarar a rubuce, ya nemi izinin hukumar makaranta da amincewar iyaye, ya aika wa masu masauki takarda tun da wuri. Ya tabbatar da takardun tafiya da katin rigakafin shawara, ya kuma bincika ƙa'idojin shiga na lokacin. Wannan bincike ya zama dole, domin an rufe iyakar daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, sannan Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025. Haka nan ya nemi shawarar jami'an tsaro game da hanya. Idan hanya ba lafiya, a ɗage tafiyar; babu ilimin da ya kai ran ɗalibi daraja. Daga nan sai ya kasa ɗalibai rukuni-rukuni, kowane da tambayoyinsa: wannan karin harshe, wancan kalmomin aro, wani sarautu, wani makarantu.

Lokacin tafiya, kowane ɗalibi ya riƙe littafin rubutu, ya rubuta kalma yadda ya ji ta, da garin da ya ji ta, da yanayin da aka faɗe ta. Kada a ɗauki muryar kowa ko hotonsa sai da yardarsa, kada kuma a ɗauki hoton jami'an tsaro ko gine-ginensu. A kiyaye ladubban fada da na masallaci, a guji gardamar siyasa. Kowane dare a zauna na ɗan lokaci, kowane rukuni ya faɗi abin da ya samo.

Bayan dawowa, kowane rukuni ya rubuta rahoto ya gabatar a gaban aji, a kwatanta abin da aka gani da abin da ke cikin littattafai. A aika wa masu masauki wasiƙar godiya. Wannan mataki na ƙarshe shi aka fi yin sakaci da shi, alhali a nan ne abin da ido ya gani yake zama ilimi.

6.0 Kammalawa

A wannan darasi an ga cewa ziyarar ƙetare takan koya wa ɗalibin Hausa cewa harshensa ya girmi iyakar ƙasarsa, ya kuma fi ta faɗi. Cewa tarihi yana da ɓangarori. Cewa kowane kari yana da ƙa'idarsa da mutuncinsa. An kuma ga cewa samun waɗannan darussa ya dogara ne a kan shirin malami. Makarantar da ba ta da halin tsallaka iyaka za ta iya bin wannan tsari a kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari da Illela, inda Hausar ƙasashen biyu take haɗuwa kowace ranar kasuwa.

7.0 Tambayoyin Bita

1. Me ya sa ake kiran sarkin Maraɗi da Sarkin Katsina?
2. Kawo kalmomi huɗu da Hausar Nijar ta aro daga Faransanci, tare da takwarorinsu a Hausar Nijeriya.
3. Mai kaya ya ce maka dala ɗari da hamsin. Faran nawa za ka biya?
4. Yi bayanin yadda ziyarar ƙetare za ta iya gyara halayyar malami game da karin harshen ɗalibansa.
5. Tsara tambayoyi biyar da za ka ba rukunin da zai nazarci kalmomin aro a kasuwar kan iyaka.